Da wane ma'auni ake auna mai barkwanci a gasar talabijin?

Hajiya Binta: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata gardama ce ta hana mu barci jiya, na ce bari in kawo ta zaure ko a samu mai raba mu. Ƙanina ne ya kunna mana wasan wani ɗan ƙasar Nowe, Viggo Venn, wanda ya cinye gasar Britain's Got Talent ta 2023. Ga wanda bai gani ba: mutum ne ya hau dandamali da rigar nan mai ƙyalli ta ma'aikatan hanya, aka saki kiɗa, ya tuɓe ta, sai ga wata a ciki, ya sake tuɓewa, sai ga wata. Kusan iyakar abin ke nan a fitowarsa ta farko. Yara suna ta birgima, ƙanina har da hawaye, ni kuwa ina zaune kamar an dasa ni. Simon Cowell ma, ɗaya daga cikin alƙalan, jan maɓallin ƙin amincewa ya danna masa a ranar. Amma daga ƙarshe Viggo ɗin ne ya tafi da fam 250,000. Mawaƙi in muryarsa ta kauce kowa ya ji. Mai tsalle-tsalle in ya faɗi kowa ya gani. To shi mai barkwanci da me alƙalai suke auna shi? Ko kuwa kowa abin da ya ga dama yake yankewa?

Auta: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ai tambayar ta amsa kanta. An yi dariya ko ba a yi ba? Aikin da ya kawo shi ke nan. In ɗaki ya fashe da dariya ya ci, in an yi tsit ya faɗi. Sauran duk dogon Turanci ne.

Baba Ilu: Auta, mutum in santsi ya kwashe shi a gaban jama'a ma ana dariya. A ba shi kofi?

Auta: In zai iya sa santsi ya kwashe shi duk lokacin da ya ga dama, kuma a yi dariya kowane karo, wallahi Baba a ba shi.

Musty: Ina biye da ku.

Malam Habu: Auta ya yi babbar magana bai sani ba. Bambancin mai sana'a da wanda faɗuwa ta zo masa daidai da zama ke nan: maimaitawa. Shi wannan ɗan Nowe ba daga sama ya faɗo ba. Ya yi karatun wasan wawa a Faransa, a makarantar Philippe Gaulier, inda shahararren ɗan wasan barkwanci Sacha Baron Cohen ma ya yi. Tuɓe riga kowa zai iya. Sanin daƙiƙar da za ka tuɓe ta uku, bayan mutane sun ɗauka an gama, shi ne karatun.

Amma Hajiya, ni damuwata ba a nan take ba. Abin da na lura shi ne alƙalan nan suna yanke hukunci a kan abin da bai isa a yanke hukunci a kansa ba. Minti biyu ko uku na fitowar farko, wannan ai ba gwaji ba ne. Mutum ya yi shekara biyar yana yawo da waɗannan zantukan daga ƙaramin ɗaki zuwa ƙaramin ɗaki, wanda bai ba da dariya ba ya yar, wanda ya bayar ya goge shi har ya yi santsi. Ranar da ya zo gaban kyamara, kan gadonsa gaba ɗaya ya juye. Ko wanda ba gwani ba, in ya dage, zai tara minti uku masu kyau. Gwajin gaskiya sai a zagaye na biyu, ranar da aka ce masa waɗancan mun ji su, kawo sababbi. Nan za ka ga wanda rijiya ce da wanda tulu ne. Sau nawa muka ga wanda aka danna wa maɓallin zinare, wanda alƙali ke dannawa don ya wuce da mutum kai tsaye, takardu suna zubo masa, ya dawo zagayen kusa da na ƙarshe yana kame-kame?

Auta: To Malam ai mawaƙi ma haka ne, waƙarsa mafi kyau yake fara kawowa.

Malam Habu: A'a ƙanina, ba ɗaya ba ne. Mawaƙi yana da izinin ɗauko waƙar wani ya rera, kuma in ya rera wadda aka sani ma an fi murna. Mai barkwanci ba shi da wannan gatan. Bai isa ya ɗauki na wani ba, bai kuma isa ya maimaita nasa ba, don zancen dariya in an san ƙarshensa ya mutu. Shi ne marubuci, shi ne mai gabatarwa. Shi ya sa haɗa su a gasa ɗaya ma ni ban ga adalcinsa ba.

Sagir: Ku yi haƙuri in shigo da ɓangarena, don aikin tace bidiyo nake yi. Malam Habu yana maganar minti uku, ni kuma ina cewa ko minti ukun ma ba ku gani ba. Abin da kuka gani shi ne abin da mai tacewa ya bari. Zagayen farko ba kai tsaye ake nuna shi ba, ɗauka ake yi a ajiye. Mutum zai iya yin zance takwas, uku su mutu, a yanke su, a haɗe biyar ɗin su zama kamar bai taɓa kuskure ba. Haka in an so nuna shi a matsayin abin tausayi, sai a bar ukun. Fuskar alƙali da kuka gani yana yamutsa ta, ba ku da tabbacin a wannan daƙiƙar ya yamutsa. Matar da kyamara ta hasko tana share hawayen dariya, ba ku san wa ya ba ta dariyar ba. Ba ina cewa kullum haka ake yi ba, ina cewa abu ne mai sauƙin yi, kuma daga gida ba ka da hanyar ganewa.

Kuma abin ba sabo ba ne. Tun shekarun 1950 wani injiniyan sauti a Amurka, Charley Douglass, ya ƙera akwatin da ke fitar da dariyar da aka naɗa, ana cusa ta duk inda ta 'yan kallo ta yi rauni. Ban da wannan, kafin a fara ɗauka akwai wanda aikinsa kawai ya ɗumama jama'a, ya sa su tafi, ya sa su sowa, har jikinsu ya saki. To Auta, in ma'auninka dariyar ɗaki ce, ka sani akwai mai riƙe da igiyar ma'aunin.

Auta: Oga Sagir, kana nufin duk dariyar da na yi ta bogi ce?

Sagir: Taka ta gaske ce. Wadda ta jawo ta ce ban ɗauki alhakinta ba.

Zainab: Wannan ya tuna min da binciken Robert Provine, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka da ya daɗe yana bibiyar dariya. Ya gano mutum ya fi yin dariya kusan sau 30 in yana cikin mutane a kan in yana shi kaɗai. Dariya kamar hamma take, tana yaɗuwa. Don haka alƙalin da ke zaune da dubban mutane a bayansa suna sheƙewa, da Hajiya da ke kallo a waya, ba wasa ɗaya suka gani ba.

Hajiya Binta: Zainab ai ba ni kaɗai nake ba. Mutum biyar ne a kewaye da ni suna ƙyaƙyatawa, ban kamu ba.

Zainab: Ke kam Hajiya an yi miki rigakafi.

Anti Rabi: Ni bari in faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa. Rabin ƙuri'un nan na tausayi ne. Kafin mutum ya buɗe baki an riga an nuna mana tarihinsa da kiɗa mai sanyi, mahaifiyarsa tana kuka a bayan labule. Ka duba masu barkwancin da suka yi nisa: Jack Carroll ya zo na biyu a Birtaniya a 2013 yana ɗan shekara 14, yana da larurar ƙwaƙwalwa da ta shafi gaɓɓansa. Drew Lynch mai in'ina ya zo na biyu a America's Got Talent a 2015. Lee Ridley, da ba ya iya magana sai ta na'ura, ya ci ta Birtaniya a 2018. Allah ya sani ba raina kowa nake yi ba, amma wane alƙali ne zai iya kallon irinsu ya ce ba su ba shi dariya ba? Jama'a ai sai su cinye shi ɗanye.

Malam Habu: Anti Rabi, rabin maganarki na karɓa, rabi na mayar miki. Gaskiya ne shirin yana sayar da labari, kuma labarin yana jawo ƙuri'a. Amma misalin Lee Ridley bai taimake ki ba. Tun 2014 ya ci lambar BBC ta sababbin masu barkwanci, shekara huɗu kafin wannan gasar. Kuma ki yi tunanin wuyar abin da yake yi. Sauran suna da murya da za su ɗaga ko su sauke, su ja kalma, su yi raɗa. Shi muryar na'ura ce, a shimfiɗe, ba hawa ba sauka. Ya rubuta zancen tun a gida. Abin da ya rage a hannunsa kawai shi ne yaushe zai danna. In ya yi gaggawa ya taka dariyar mutane, in ya yi jinkiri ta huce. Wanda ya ba dubban mutane dariya da wannan kaɗai, rubutunsa ne ya yi aiki.

Anti Rabi: Na ji Malam. Amma da ba shi da larurar, zantukan za su yi tasiri haka?

Malam Habu: Da ba shi da ita da wasu zantukan zai rubuta. Kowa da abin da rayuwa ta ba shi yake wasa. Tausayi yana iya sa mutum ya tafa, yana iya sa shi ya miƙe tsaye, yana ma iya sa shi ya kaɗa ƙuri'a. Amma dariyar da ke kuɓuce wa mutum ba shiri, tausayi ba ya kawo ta. Yaƙe yake kawowa, kuma kunne yana bambance su.

Anti Rabi: To ai ƙuri'ar ce ke ba da kofi, ba dariyar ba. Ka dawo kan maganata.

Malam Habu: Nan kam kin kama ni.

Nura: Ni na taɓa zuwa tantancewa, don haka bari in ba ku labarin abin da ba a nunawa. Ba zan faɗi sunan shirin ba. Kafin ka ga alƙalan da ake nunawa a talabijin, akwai matakin da ake fara tace mutane. Na yi awa shida a layi, aka shigar da ni wani ɗaki, mutum uku ne a bayan tebur da kyamara ɗaya. Ba 'yan kallo. Aka ce bismillah, kana da minti biyu. Na saki zancena na farko, wanda duk inda na yi shi sai an riƙe ciki. Shiru. Ɗaya tana rubutu, ɗaya yana duba waya, na ukun ya zuba min ido kamar na ci bashinsa. Kun san a wannan sana'ar dariyar mutane ce numfashinka, a cikinta kake tsayawa ka shirya na gaba. Da babu ita sai na fara sauri, abin minti biyu na gama shi a minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, gumi har cikin takalmi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tambayar da suka yi bayan na gama. Ba wanda ya tambaye ni yaushe na fara ko ni nake rubuta abina. Cewa aka yi, akwai wata wahala da ka sha a rayuwa da za ka so ka ba mu labari? Na ce alhamdu lillahi, lafiya lau na taso. Aka ce za a kira ni. Shekara huɗu ke nan ina jiran kiran.

Baba Ilu: Laifin iyayenka ne da suka riƙe ka da kyau.

Nura: Haka na ce wa mahaifiyata Baba, ta bi ni da takalmi.

Anti Rabi: Malam Habu, ka ji shaida ko?

Malam Habu: Na ji. Amma Nura, tambaya ɗaya, kuma don Allah kada ka ji haushi. Da sun wuce da kai, kana da wasu minti biyun?

Nura: Gaskiya a lokacin babu. Ina da minti huɗu a duniya, biyu masu kyau, biyu na cike gurbi. Yanzu ne nake da kamar minti ashirin da zan iya tsayawa a kansu.

Malam Habu: To ka ga. Ba ina wanke su ba ne, tambayar da suka yi maka ba ta da alaƙa da sana'a. Amma da sun san aikinsu, tambayar da za su yi ke nan, kuma da a nan za su gane ba ka nuna ba tukuna.

Musty: Har yanzu ina biye.

Jamilu: Ni matsalata alƙalan ne kansu. Mai sayar da faifan waƙa, da mawaƙiya, da mai tallan kaya, su ne za su auna barkwanci? Ku dubi yadda Japan ke yi. Suna da gasar M-1 Grand Prix tun 2001, ta masu wasan mutum biyu da suke kira manzai, ɗaya yana shirme ɗaya yana gyara masa. Dubban ƙungiyoyi ke shiga, har da waɗanda ba sana'arsu ba ce. A wasan ƙarshe minti huɗu ake ba kowa, alƙalai kusan duk tsofaffin 'yan sana'ar ne, kowanne ya ba da maki cikin 100 a bainar jama'a da sunansa, sannan ya faɗi dalili. Wanda ya ci ya tafi da yen miliyan 10. Ba labarin tausayi ke ba da maki ba. Wannan shi ne auna abu.

Zainab: Yaya Jamilu, ko a can ma ba su tsira ba. Sanannen abu ne cewa wanda ƙuri'ar tsara layi ta sa ya fara fitowa ya shiga uku, don jama'a ba su ɗumama ba, alƙalai kuma suna rowar maki saboda ba su san me ke tafe ba. Waɗanda suka fara fitowa sun ci a 2001, ba a sake ganin haka ba sai 2023. In ma'aunin ya cika daidai, me ya haɗa lambar layi da iya wasa?

Jamilu: Wannan gaskiya ne, amma aƙalla kuskuren a fili yake, kowa yana ganinsa.

Sagir: Kuma ko an kawo 'yan sana'ar, sai in an bar su sun yi aikin. A 2004 a gasar Last Comic Standing ta Amurka, wadda ta masu barkwanci ce zalla, an zaunar da Drew Carey da Brett Butler cikin alƙalai. Da aka sanar da waɗanda suka wuce, sai suka ga ba su yi daidai da abin da suka zaɓa ba, suka fito suka yi ƙorafi. Ashe a ƙa'idar shirin furodusoshi da tashar suna da ta cewa. Su ba gwanin gwanaye suke nema ba, mutanen da za su cika shiri suke nema: mai faɗa, mai ban tausayi, wanda za a tsana.

Auta: Ni fa ina da ja a kan alƙalai 'yan sana'a. Ba sa dariya! Za ka ga mutum ya murtuke yana gyaɗa kai yana cewa wannan ginin ya yi kyau. Gini kuma? Mu dariya muka zo yi. Mai barkwancin da sai masu barkwanci ne kaɗai ke gane shi, ya je ya yi musu su kaɗai.

Malam Habu: Ba ka yi ƙarya ba, akwai wannan cutar. Kunnensu ya ji da yawa, tun kana shimfiɗa sun hango inda za ka sauka. Amma suna ganin abu biyu da mu ba ma gani. Na farko, sun san zance mai arha: kwaikwayon muryar wata ƙabila, tsokanar mai ƙiba a layin gaba, surukai, duk abin da aka yi sau dubu. Yana ba da dariya, amma ba shi ya ƙirƙiro dariyar ba, tarar da ita ya yi. Na biyu, sun san kayan sata. A 2011 a gasar Ostireliya wani matashi ya burge alƙalai, aka wuce da shi, sai daga baya masu kallo suka gano zantukan na wasu ne, ciki har da na Lee Mack na Birtaniya. Ɗakin ya yi dariya Auta, sosai ma. Da ma'auninka ya ci ke nan.

Auta: To wannan sata ce, daban.

Malam Habu: Ka fara ƙara sharaɗi ke nan. Da ka ce dariya kawai. Yanzu ta zama dariya da mallaka. Mu ci gaba, za ka iso inda nake.

Baba Ilu: Ku bar yaro ya numfasa.

Jamilu: Akwai wani shiri a Yukren da ya ɗauki ra'ayin Auta ya mai da shi doka. Ana zaunar da ƙwararrun masu barkwanci biyu, wanda ba ɗan sana'a ba ya fito, a ba shi minti ɗaya. In ɗayansu ya yi dariya ka wuce, kuɗinka ya ƙaru, in sun daure ka tafi gida. Volodymyr Zelensky ya zauna a wannan kujerar kafin ya zama shugaban ƙasa. Ba maki, ba sharhi, fuskar alƙali ce ma'auni.

Nura: Wannan ai ɗakin da na shiga ne, sai dai su suna biya.

Hajiya Binta: Na gode, ina ta karantawa. Amma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Ni a wurina in ba zan iya kallon mutum tare da 'ya'yana ba, duk iyawarsa ya faɗi. Wannan ba ya cikin ma'auni?

Zainab: Yana ciki Hajiya, sai dai kowa da inda ya ja layinsa. Ki tuna Nabil Abdulrashid a gasar Birtaniya ta 2020, wanda Alesha Dixon, ɗaya daga cikin alƙalan, ta danna wa maɓallin zinare. Ba batsa ya yi ba. Ya yi barkwanci ne a kan wariyar launin fata da yadda ake kallon Musulmi, ya kai wasan ƙarshe, amma ƙorafe-ƙorafe suka yi ta kwarara zuwa Ofcom, hukumar da ke sa ido kan kafafen yaɗa labarai a can. Wasu suna ganin ya faɗi gaskiya cikin raha, wasu suna ganin ya ɓata musu daren hutu. Zance ɗaya, kunne biyu.

Anti Rabi: Ni ma'aunina a nan mai sauƙi ne: wa ake yi wa dariyar? In mutum ya tsokani wanda ya fi shi ƙarfi, ko ya tsokani kansa, ina tare da shi. In ya hau kan wanda ba shi da bakin ramawa, ko ɗaki ya rushe da dariya ni ban ga gwaninta ba.

Jamilu: Ka ji Anti, ɗazu tana zargin tausayi, yanzu ta shigo da shi ta taga.

Anti Rabi: Ba ɗaya ba ne Jamilu. Wancan tausayin mai wasa ne, wannan mutuncin wanda ake wasa da shi ne.

Malam Habu: Bari in ƙara abu ɗaya in yi shiru, don na cika ku da surutu. In kuna son sanin ko gasar nan tana auna abin da take cewa tana aunawa, ku bi sawun mutanen bayan shekara goma. Ralphie May na biyu ya zo a Last Comic Standing ta 2003, amma ya fi wanda ya kayar da shi tashe nesa ba kusa ba. Amy Schumer, da ta shahara daga baya, ta huɗu ta zo a gasar a 2007. A Indiya Raju Srivastav bai ci gasar dariya ta 2005 ba, na uku ya zo, amma shi jama'a suka riƙe. Dave Chappelle, shahararren mai barkwancin Amurka, yana matashi ihu aka yi masa har ya sauka daga dandamalin Apollo a unguwar Harlem ta New York, wurin da tun 1934 'yan kallo ne ke yanke hukunci da bakinsu. Tom Cotter kuwa, bayan shekaru yana sana'ar, a 2012 ƙungiyar karnuka masu wasa ce ta kayar da shi a Amurka.

Sagir: Malam ka tsallake Kapil Sharma. Shi ya ci ta Indiyan a 2007, kuma ga inda ya kai. Ka zaɓo waɗanda suka dace da maganarka ne kawai.

Malam Habu: Ban musa ba, wani lokacin sukan dace. Kuma shi ɗin ma me ya riƙe shi? Mako-mako yana fitowa da sabon abu shekara da shekaru. Rijiya ce. Gasar da ta ɗauki makonni tana dawo da mutum ɗaya sau da yawa ta fi kusa da gano wannan a kan wadda za ka fito sau uku kacal tsakanin mai rawa da mai rufa-ido.

Nura: Kuma kalmar sabon shiga ɗin nan ma a riƙa sa mata alamar tambaya. Daliso Chaponda ɗan Malawi da ya zo na uku a 2017 ya daɗe yana sana'ar kafin nan. Axel Blake da ya ci a 2022 yana da shirinsa a Amazon tun kafin ya shiga. Ba laifi suka yi ba, ƙa'ida ba ta hana ba. Amma irina da ke da minti huɗu, da su ake haɗa mu, a ce duk 'yan koyo ne.

Auta: To ni dai na sauko kaɗan. Dariya, kuma ta zama taka, kuma ka iya sakewa gobe. Amma dariyar ce a gaba, wannan ba zan janye ba.

Baba Ilu: Ka sauko mataki biyu kana cewa kaɗan.

Hajiya Binta: Jama'a na dawo. Na bi shawarar Malam Habu, na nemo sauran fitowar ɗan Nowe ɗin, na kusa da na ƙarshe da na ƙarshen, na shige ɗaki ni kaɗai na rufe ƙofa don kada Zainab ta ce kamuwa na yi. Har yanzu ban yarda ya fi kowa a shekarar ba, kuma har yanzu ina ganin wanda ya zauna ya rubuta zance ya fi wanda ya tara riguna. Amma zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah. Rigar nan da na tsana, duk lokacin da na ce to yanzu kam ya rabu da ita, sai ta ɓullo ta inda ban zata ba. Da na ga har Simon ɗin da ya danna masa jan maɓalli an sa masa ita, ban san lokacin da wata irin ƙara ta kuɓuce min ba, sai da na toshe baki da filo. Don Allah maganar nan ta tsaya a zaure. In ƙanina ya ji, na shiga uku da gori har shekara ta zagayo.

Malam Habu: Sirrinki a rufe yake Hajiya.

Musty: Yaya Binta, tun jiya nake cewa ina biye da ku.